Mai Bi, da Cimar Ganye, da Ciwon Ciki

Wataƙila za ka yi mamakin ganin takardar da aka buga domin koyar da halin Kirista ta ɗauki zancen wake da albasa da kumburin ciki. Kada ka yi mamaki. Wanda ya halicci rai shi ya halicci hanji, kuma mutum ba ya barin cikinsa a gida sa'ad da ya tafi ɗakin sujada. Akwai masu bi da yawa waɗanda ba su cin nama, cimarsu hatsi ne da wake da ganye, amma kullum cikinsu yana murɗa, yana kumbura, yana ƙugi, har su rasa sukunin addu'a da na aiki. Kunya kuwa ta hana su faɗi. In kana cikinsu, ko kuwa kana zaune gida ɗaya da wani daga cikinsu, wannan magana taka ce.

Dalilan barin nama ba ɗaya ba ne. Wani ya bari domin kuɗin nama ya fi ƙarfinsa, wannan kuwa shi ne mafi yawa a cikinmu, ko da ya ke ba a cika faɗi ba. Wani likita ne ya gargaɗe shi. Wani tausayin dabba ne ya hana shi. Wani kuma ya ɗauki alkawari tsakaninsa da Allah. Ba sabon abu ba ne cikin jama'ar Almasihu. A shekara ta 1809 wani mai wa'azi, William Cowherd, a garin Salford na ƙasar Ingila, ya kira jama'arsa su bar cin nama, kuma almajiransa suna cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar marasa cin nama a garin Ramsgate a 1847. Kiristan Habasha kuwa, tun zamanin da, suna yin babban azumi na kwana 55 kafin Idin Tashin Ubangiji, ba nama, ba nono, ba ƙwai, haka kuma yawancin ranakun Laraba da Jumma'a.

Sai ka fara sanin abin da Littafi Mai Tsarki ya koyar, domin zuciyarka ta kwanta. A sura ta fari ta Farawa, tsire-tsire da 'ya'yan itatuwa aka ba mutum su zama abincinsa. A sura ta tara, bayan ruwan Tufana, aka halatta wa Nuhu da zuriyarsa nama. Ubangiji Yesu, cikin Markus sura ta bakwai, ya nuna wa almajiransa cewa abinci tumbi ya ke shiga, ya wuce, ya fita, ba shi da ikon ƙazantar da mutum. Mugun abin da ke fitowa daga zuciya shi ne abin tsoro. Bulus manzo kuma ya iske gardama a kan wannan batu cikin ikkilisiyar Roma, tsakanin masu cin kome da masu cin ganye kaɗai. Bai goyi bayan ɗaya ya kori ɗaya ba. A sura ta 14 ta wasiƙarsa ya hana mai cin nama raina mai cin ganye, ya hana mai cin ganye hukunta mai cin nama, gama Allah ya karɓe su duka biyu. Saboda haka barin nama ba ya ƙara maka tsarki, komawa gare shi kuma ba ya rage maka. Ka riƙe wannan da kyau, za mu bukace shi nan gaba.

Sunan ciwon da alamunsa

Akwai wani ciwo wanda likitoci ke taƙaita sunansa da haruffa uku, IBS. Mu a nan za mu kira shi rikicin hanji. Ga kamanninsa. Ciki yana ciwo ko murɗa, sau da yawa a ƙasan cibiya, ciwon kuwa yana da dangantaka da zagayawa: ko ya lafa bayan an zagaya, ko ya tsananta. Wani zawo ke damunsa, musamman da sassafe ko bayan cin abinci. Wani bayan gidansa ya kan yi tauri, ya kwana biyu ko uku bai fita ba. Wani kuma yau wannan, gobe wancan. Ciki ya kan kumbura da maraice har mazagin wando ya matse, iska ta yi yawa. Likitocin da suka saba taruwa da sunan birnin Roma domin tsara ma'aunin irin waɗannan ciwuka sun fitar da tsari a 2016, inda suka ce a duba ko ciwon yana zuwa aƙalla rana ɗaya cikin kowane mako, wata uku a jere, kuma farkonsa ya kai wata shida. Ya fi kama mata bisa ga maza, ya kan fara tun da ƙuruciya, wani lokaci kuwa ya kan biyo bayan zawo mai tsanani da mutum ya yi ya warke.

Abin da ke ba mutane wuya shi ne, in an duba hanjin ba a ganin miki ko ƙari. Sai 'yan'uwa su ce, "Ai lafiyarsa lau, raki ne." Ba raki ba ne. Tsakanin ƙwaƙwalwa da hanji akwai jijiyoyi masu kai saƙo da komowa dare da rana. A jikin mai wannan ciwo saƙon ya kan yi ƙarfi fiye da kima, har 'yar iskar da wani ba zai ji ta ba, shi ya ji ta kamar an ɗaure masa ciki da igiya. Motsin hanjin kuma ya kan yi sauri ko ya yi nawa. Ciwon gaskiya ne, mai gajiyarwa. Amma ga abin ta'aziyya: ba ya juyewa ya zama ciwon daji, ba ya kuwa rage kwanan mutum.

Duk da haka kada ka yanke wa kanka hukunci. Tsutsar ciki, da atuni, da ciwon da ake samu daga ruwa marar tsabta, suna iya kama da shi, su kuwa suna da magani nasu dabam. Ka je asibiti a duba bayan gidanka da jininka. Akwai kuma alamu waɗanda in ka ga ko ɗaya cikinsu ba ka da izinin jira: jini cikin bayan gida ko baƙin kashi, rama ba dalili, zazzaɓi, zawon da ke tashe ka tsakar dare, ƙarancin jini, ko kuwa ciwon ya fara maka bayan ka kai shekara 50, ko wani na jininka ya taɓa yin ciwon dajin hanji. Waɗannan ba halin rikicin hanji ba ne. Zuwa wurin likita ba ƙarancin bangaskiya ba ne. Luka, wanda ya rubuta bishara, likita ne, Bulus kuwa yana ƙaunarsa.

Wata magana kuma, domin kai sabon mai bi ne. Za a sami wanda zai ce maka sammu aka yi maka, ko an ba ka wani abu cikin abinci, ya ja ka wurin boka. Za a sami wanda zai ce tun da ka bi wannan hanya cikinka bai zauna ba. Har cikin ikkilisiya za a sami mai cewa akwai zunubin da ka ɓoye. Ka tuna da makahon nan na Yohanna sura ta tara, wanda almajirai suka nemi su ɗora laifin makantarsa a kansa ko a kan iyayensa, Ubangiji kuwa ya ƙi duka biyu. Ka tuna da Timothawus, abokin aikin Bulus, wanda aka danƙa wa ikkilisiyar Afisa. Cikinsa yana damunsa, yana yawan laulayi. Manzo bai tsauta masa ba, bai ce ya binciki zunubinsa ba. Ya ba shi shawarar magani irin wanda mutanen wancan zamani suka sani, watau ruwan inabi kaɗan. Kada wani ya mai da wannan hujjar sha. Yanzu an san barasa tana tayar da hanji, ba ta kwantar da shi. Abin koyi a nan shi ne, dattijo cikin bangaskiya ya kula da cikin ɗansa, har ya sa zancen cikin wasiƙa.

Abin da ke cikin tukunya

Yanzu mu zo ga abin da ya fi damun marar cin nama. Mai cin nama, in cikinsa ya rikice, ya iya komawa ga shinkafa da kifi ko tsoka, gama nama da kifi ba su da abin da za mu ambata nan gaba. Amma wanda ya bar nama, wake ne namansa: shinkafa da wake da rana, ƙosai da safe, alala, ɗanwake. Albasa da tafarnuwa su ke ba miyarsa daɗi. Ga shi kuwa waɗannan su ne kan gaba wajen tayar da rikicin hanji. Sai mutum ya ga kamar abincin da ya zaɓa domin lafiya shi ke cutarsa, ya rasa inda zai sa kansa.

A shekara ta 2005 wasu masana biyu na Jami'ar Monash a birnin Melbourne na ƙasar Ostareliya, Peter Gibson, likitan ciki, da Susan Shepherd, masaniyar abinci, suka tara wasu irin sukari a ƙarƙashin suna ɗaya, Fodmaf. Ka riƙe sunan domin ka iya tambayar likita. Ba sukarin shayi ake nufi ba, da yawansu ma ba su da zaƙi a baki. Halinsu shi ne, ƙaramin hanji ba ya iya shanye su sosai. Waɗansu su kan jawo ruwa zuwa cikin hanji. Sa'an nan su gangara babban hanji, inda ƙananan halittu masu ɗimbin yawa ke zaune, su kuwa su far musu, su tsima su kamar yadda gasara ke tsami in ta kwana, iska ta tashi. Ruwa da iska su buɗa hanji. Ga mai lafiya wannan ba kome ba ne, alheri ne ma, gama abincin waɗannan halittu ne masu amfani. Ga mai rikicin hanji kuwa azaba ce. Abincin wani gubar wani.

Ga inda su ke. Iri ɗaya yana cikin wake da dangoginsa duka, har da waken suya. Iri na biyu yana cikin albasa, da tafarnuwa, da alkama, watau burodi, taliya, fanke, da abin da aka yi da fulawa. Na uku yana cikin madara da ɗanyen nono. Na huɗu yana cikin zuma da mangwaro. Na biyar yana cikin tufa da waɗansu alewa da cingam da ake cewa ba su da sukari. Kankana kuwa ta haɗa iri fiye da ɗaya. Ina tunawa da Isra'ilawa cikin jeji, Littafin Lissafi sura ta 11, sa'ad da suka gaji da manna suka yi ta kukan abincin Masar, cikin abin da suka lissafta har da albasa da tafarnuwa da kankana. Da akwai mai rikicin hanji a cikinsu, ina tsammani da shi kaɗai bai yi kuka ba.

Kada ka firgita da wannan lissafi, ka ce, "To, me ya rage mini?" Abin da ya rage yana da yawa. Shinkafa, gero, dawa, masara, dankalin Turawa da doya ba su cika tayar da ciki ba. Tuwonka da kununka suna nan. Alayyafo, karas, tumatir daidai kima, da kuɓewa kaɗan suna nan. Cikin 'ya'yan itace akwai lemu, gwanda, abarba, da ayabar da ba ta nuna ƙwarai ba. Domin gina jiki akwai gyaɗa da ƙuliƙuli, akwai ƙwai in kana ci. Akwai kuma awara, wadda a ganina ita ce babbar kyauta ga marar cin nama mai wannan ciwo. Ko da ya ke da waken suya ake yinta, sukarin nan mai tsima yana narkewa cikin ruwa. Sa'ad da mai awara ta tsinka madarar waken, ta zuba a ƙyalle, ta danne da dutse, ruwan da ke tsiyayewa ya kan tafi da mafi yawansa, ya bar abin gina jiki. Gwargwadon yadda aka matse ta, gwargwadon sauƙinta a ciki. Sai dai a lura, awarar da ta sha mai a kasko aka barbaɗe ta da yaji tana iya tayar da ciki ta wata hanya, gama maiƙo mai yawa da barkono su ma suna zuga hanji. A dafa ta cikin miya ya fi.

Wannan hali na narkewa cikin ruwa shi ne mabuɗin dabarun uwargida. A jiƙa wake ya kwana, a zubar da ruwan, a tafasa shi cikin sabon ruwa, a sāke tsiyayewa, kāna a gama dahuwa har ya yi laushi tuɓus. Wannan ba ya kawar da abin duka, amma yana ragewa. Sukarin albasa da tafarnuwa kuwa yana shiga ruwa, amma ba ya shiga mai. Domin haka a yanka su manya-manya, a soya cikin mai shi kaɗai har ƙanshi ya fito, a tsame su duka a zubar, kāna a yi miya da man. In aka jefa su cikin miya aka tsame daga baya, aikin banza ne, sun riga sun zuba abinsu cikin ruwa. Lawashi, watau koren ganyen albasa, ba shi da wannan lahani kamar kan albasa, yana kuwa ba da ƙanshi. A yi amfani da koren, a bar farin gindin. Citta ma tana nan. Wajen nono, wanda ya yi tsami ya fi ɗanye sauƙi ga mutane da yawa, man shanu kuwa kusan ba shi da sukarin madara.

Gwaji irin na Daniyel

Ka san labarin Daniyel da abokansa uku a fadar Nebukadnezzar, Sarkin Babila. Sun ƙi abincin sarki, shugaban da ke lura da su kuwa ya ji tsoro kada su rame a sare kansa. Daniyel bai yi gardama ba, bai ɗaga murya ba. Ya roƙi a gwada su kwana goma da ganye da ruwa, sa'an nan a duba fuskokinsu a yanke shawara bisa ga abin da aka gani. Akwai hikima biyu a nan: ya sa wa gwajin iyaka, ya kuma yarda a yi hukunci da abin da ido ya gani. Hanyar da masanan Monash suka tsara tana da wannan kama, ko da ya ke kwanakinta sun fi goma.

Da fari, mako 2 zuwa 6, ka rage dukan abincin nan masu tsima, ka zauna kan masu sauƙi. Fiye da rabin waɗanda suka gwada wannan su kan sami sauƙi. In mako shida ya cika ba ka ga bambanci ba, ka bari, ka koma cimarka, ka nemi wata hanya wurin likita. In ka ga sauƙi, sai mataki na biyu, wanda mutane suka fi gudu, shi ne kuwa ya fi muhimmanci: ka komo da abincin ɗaya ɗaya. Ka ɗauki wake, misali. Ranar fari cokali biyu, rana ta biyu huɗu, ta uku rabin ludayi, sauran abincinka kuwa kada ka sauya kome. Ka huta kwana biyu ko uku, kāna ka gwada albasa, sa'an nan burodi, sa'an nan nono, sa'an nan zuma. Ka sami ɗan littafi ka riƙa rubuta abin da ka ci, da yawansa, da abin da cikinka ya yi. In ba ka iya rubutu ba, ka sa yaro ɗan makaranta. Wannan ya kan ɗauki wajen wata biyu. Sannu ba ta hana zuwa. A ƙarshe yawancin mutane su kan tarar abu ɗaya ko biyu ne abokan gabansu, sauran kuwa suna iya ci daidai gwargwado. Sau da yawa yawan abin ne ke kawo wahala: cokali uku na wake bisa shinkafa su wuce lafiya, kwano guda ya hana barci.

Ina gargaɗinka ƙwarai, kada ka zauna a matakin fari har abada domin tsoro. Wanda ya riga ya bar nama, ya kuma bar wake da nono da alkama wata da watanni, yana haƙa wa jikinsa rami. Ƙananan halittun hanjinsa masu amfani za su ragu, jikinsa ya rasa abin gini. In da masanin abinci a asibitin da ke kusa da kai, ka yi wannan gwaji ƙarƙashin idonsa. Mace mai ciki ko mai goyo, da yaro, da wanda ya riga ya rame, kada su fara shi sai da izinin likita. Kafin ka bar alkama kuma, ka tambayi likita ko akwai bukatar gwajin jini domin wani ciwo dabam wanda alkama ke jawowa, gama in ka riga ka bari gwajin ba ya nuna gaskiya.

Akwai wani sinadari, bitamin B12, wanda tsire-tsire ba su ba da shi. Ana samunsa cikin nama, kifi, ƙwai da nono. Hanta ta kan ajiye shi shekaru, domin haka rashinsa ba ya bayyana da wuri. Sa'ad da ya bayyana kuwa, da kasala ya ke zuwa, da ƙarancin jini, da jin kamar kiyashi na tafiya a tafin ƙafa da hannu, in an daɗe har jijiya ta lalace. In ba ka cin ƙwai ba ka shan nono, lalle ne ka sha ƙwayarsa. Sinadarin ƙarfe na ganye da gyaɗa kuma jiki ya fi shanye shi in an haɗa da lemu ko tumatir, shayi kuwa yana hana shi, sai ka raba shayi da lokacin cin abinci.

Yanzu mu koma ga abin da na ce ka riƙe. A ce ka yi dukan wannan, jikinka kuwa yana ta raguwa, likita ya ce ka ƙara ƙwai ko kifi. Sai zuciyarka ta ce, "Na yi alkawari." Ka tafi wurin dattawan ikkilisiya ka faɗa musu. Alkawari abu ne mai nauyi, ba na kuwa koya maka wasa da shi. Amma Bulus ya koya wa Korinthiyawa cewa jikin mai bi haikali ne na Ruhu Mai Tsarki, ya kuma gargaɗi Timothawus a kan masu hana abincin da Allah ya halitta domin a karɓa da godiya. Allah ba ya jin daɗin ganin mai gida ya kasa noma, 'ya'yansa suna yunwa, domin wata doka da ya ɗora wa kansa. In kuwa kana iya riƙe cimar ganye da lafiya, ka riƙe da godiya, ba tare da fahariya ba.

Ba abinci kaɗai ba ne. Ka ci a kan lokaci, kaɗan kaɗan, kana taunawa sosai. Wuni da yunwa sa'an nan a cika tumbi da dare yana tayar da ciwon, mai azumi ya lura da wannan wajen buɗe baki. Ka rage goro, da kofi, da lemun kwalba mai iska. Ka sha ruwa mai tsabta isasshe, ka yi tafiya da ƙafa kowace rana. Damuwa kuma tana sauka a hanji, tun da ya ke jijiyoyin nan biyu a haɗe su ke. Wanda danginsa suka juya masa baya, ko bashi ya hana shi barci, kada ya yi mamaki in cikinsa ya tashi. Ka kai nawayarka ga Ubangiji cikin addu'a, ka kuma faɗa wa wani amintacce. Amma kada kowa ya ce maka da kana da bangaskiya da ka warke. Bulus da kansa ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba, aka ba shi alherin ɗaukarta.

Zama da jama'a

Wurin da ciwon nan ya fi cin rai shi ne cikin mutane. An kira ka biki ko cin abincin Kirsimati, an ajiye maka kwano cike da abin da ka san zai kwantar da kai gobe. In ka ƙi, a ce girman kai. In ka ci, ka sha wuya. Kada ka yi ƙarya, kada kuwa ka yi wa masu gida wa'azin abinci a bakin akushi. Ka sami uwargida tun da wuri, a keɓe, ka ce, "Mama, cikina ba ya ɗaukar wake da albasa, a yi mini gafara, tuwo da 'yar miya sun ishe ni." Ba uwar da za ta ji wannan ta yi fushi. Ka yaba abin da ka ci, ka yi godiya. Gutsuren gurasar Jibin Ubangiji kuwa kada ka ji tsoronsa, ya yi ƙanƙanta da zai tayar da rikicin hanji. Wanda likita ya tabbatar masa da wancan ciwo na alkama shi ne zai yi magana da fasto a shirya masa wata.

Kai kuma mai lafiya, wanda ka karanta har nan domin ɗan'uwanka, ga naka rabo. In ka ga wani kullum yana zama kusa da ƙofa, yana fita tsakiyar wa'azi, kada ka bi shi da ido, kada ka tambaye shi gaban mutane. Ka hana yara dariya in cikin wani ya yi ƙara. Akwai waɗanda suka daina zuwa sujada, ba domin sun ja da baya ba, sai domin ba wurin zagayawa mai tsabta kusa da ɗakin sujada, ko kuwa akwai amma a kulle, mabuɗin yana aljihun wani. Dattawa su duba wannan: a gyara makewayi, a raba na maza da na mata, a sa ƙofa mai rufuwa, a ajiye ruwa da buta da sabulu. Maigida kuma, in matarka ce ke fama, ita ce mai girki, ita ce kuwa ta kan ci abin da ya rage; ka ba ta kuɗin ƙwai da awara, ka yarda ta ɗebi miyarta cikin 'yar tukunya kafin a zuba albasa a babba, ranar zuwa asibiti kuma ka raka ta, ku tafi da ɗan littafin nan da aka rubuta abin da ta ci.